Gida Ba Tsakar Gida: Yadda Mace Ke Zama a Unguwar Highfields ta Ingila

Wadda take tsakiyar aiki ta ɗan jawo rediyonta kusa, don yau tafiya za mu yi mai nisa, ko da yake babu wadda za ta ɗaga daga inda take zaune.

Abin da ya kawo zancen na yau, wata uwa ce ta aiko mini da saƙo ta bakin jikarta. 'Yarta ta auri likita, ya samu aiki a Ingila, ana shirin ta bi shi. Tambayarta biyu ce: wane irin gida za a kai mata 'ya, kuma yaya yarinyar da ta tashi a gidan kulle za ta zauna a can? To Hajiya, na gode da wannan tambaya, don ba ke kaɗai ba ce. Yau gidaje da yawa suna da ɗa ko suruki da ya tafi karatu ko aikin asibiti a ƙasar nan.

Ingila dai ƙasa ce mai faɗi, ba zan iya kwatanta muku ita duka ba. Zan ɗauki unguwa ɗaya wadda na gani da idona, ita ce Highfields a birnin Lesta, inda na yi mako shida a hunturun shekarar 2022 ina zaman jegon ƙanwata. Masu samari a gida wataƙila kun taɓa jin sunan garin, don can ne Ahmed Musa ya koma wasan ƙwallo a 2016. Garin yana tsakiyar Ingila, kimanin kilomita 160 arewa da Landan, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgin ƙasa. A ƙidayar 2021 mutanensa sun kai kimanin 368,000, kuma kusan ɗaya cikin huɗu Musulmi ne. Ita kuwa Highfields tana bayan tashar jirgin ƙasa, daga nan zuwa tsakiyar gari tafiyar minti goma sha biyar ce ko ashirin a ƙafa. Irin wannan unguwa akwai ta a kusan kowane babban gari na ƙasar, kuma galibi nan baƙo yake fara sauka, saboda hayar ta fi sauƙi kuma komai yana kusa.

Da farko, mu cire hoton da muke gani a fina-finai, na ƙaton gida mai ciyawa a gaba da mota a gefe. Gidajen wannan unguwa a jere suke, manne da juna, daga wannan kai na layi zuwa wancan, kamar an jera akwatuna a kan shirgi. Jan bulo ne duka, rufi iri ɗaya, taga iri ɗaya, sai lamba da launin ƙofa ke bambanta su. Bangon ɗakinki na dama shi ne bangon maƙwabciyarki, na hagu ma haka.

Me ya sa aka gina su a haka? Lesta garin masana'antu ne, na saƙar safa da kayan sanyi da ɗinkin takalma. A 1801 mutanen garin ba su wuce 17,000 ba, amma zuwa 1901 sun haura 211,000. Mutane suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka neman aiki, kuma dole ma'aikaci ya zauna inda zai taka da ƙafa zuwa masana'anta. A 1875 aka yi wata dokar kiwon lafiya da ta ba garuruwa ikon kafa ƙa'idar gini: faɗin titi, taga ga kowane ɗaki, ɗan fili a bayan kowane gida. Su kuma magina suka nemi yadda za su cika ƙa'ida su kuma cusa gidaje da yawa a layi ɗaya, sai suka matse faɗin gida suka ja tsawonsa baya. Don haka yawancin gidajen unguwar sun haura shekara ɗari da ashirin. Wurin da can gonaki ne a kan tudu, ma'anar sunan ke nan.

To bismillah, mu shiga ciki. Babu soro, babu katanga. A gidaje da yawa kina buɗe ƙofa daga bakin titi, falo kika faɗo. Faɗin gidan gaba ɗaya mita 4 ne zuwa 5, wato kamar ki shimfiɗa tabarma biyu kai da kai, da ɗan ragowa. Bayan falon gaba akwai falo na biyu, inda ake cin abinci ake zaman yini. Daga nan sai kicin, siriri, mutum biyu in suna aiki sai sun riƙa kauce wa juna. Matakala tana ciki, a tsaye take ƙiƙam, mai tsohon ciki sai ta dafa. A sama ɗakin kwana biyu ne ko uku, na ukun da ƙyar yake cin gado ɗaya. Banɗaki kuwa a gidaje da yawa yana ƙasa, bayan kicin, domin lokacin da aka gina su a waje masai yake, daga baya aka shigo da shi. A can baya akwai ɗan fili da za ki iya ɗaura igiyar shanya ɗaya ko biyu, amma gajeriyar katanga ce tsakaninki da maƙwabta, kuma duk wanda ya leƙo ta tagar bene yana hango ki. Kin ga ba wurin da za ki zauna da ɗaurin ƙirji kina tsifa ba ne.

Saboda haka Hajiya, maganar kayan ɗaki, a yi hattara. Gado mai rumfa da jeren kwanuka da kujeru 'yan bakwai ba su da wurin zama, wasu ma ba za su bi ta matakalar ba. Gidajen haya da dama da kayansu ake bayarwa. Gara a ba yarinya kuɗin a hannu, a haɗa ta da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, a kuma tambaya tukuna abin da aka yarda a shiga da shi, don kilishi da man shanu da duk dangin nama da madara an hana.

Abu na biyu shi ne sanyi da duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu za ki yi su. A watan Yuni kuma abin ya juya, rana sai wajen tara da rabi na dare take faɗuwa. Shekarun da azumi ya faɗo a lokacin, kamar 2015 zuwa 2017, mutane sun riƙa kai awa goma sha takwas da baki a rufe.

Ana ɗumama gida ne da wata tukunyar gas da ke liƙe a bango, tana dafa ruwa tana tura shi ta bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da ke kowane ɗaki. Kuɗin gas da wuta yana da ciwo ƙwarai a hunturu, shi ya sa baƙo yakan toshe kowace kafa, ya rufe tagogi ruf. A nan matsala take farawa. Tururin girki, da na wanka, da na wankin da aka shanya a ɗaka, har da numfashin mutane, duk ba su da hanyar fita. In suka taɓa bango mai sanyi sai su koma ruwa, kamar yadda murfin tukunya yake yin gumi. Bango ya jiƙe, baƙar fumfuna ta fito a kusurwa da bayan kabad. Wannan fumfuna ba ƙazanta kawai ba ce, tana kama ƙirjin yara. A 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan Sudan, ya rasu a garin Rochdale, kuma binciken kotu a 2022 ya tabbatar fumfunar gidan hayarsu ce sanadi. Maganin abin: ki rufe tukunya in kina girki, ki ɗan buɗe taga ko da minti goma ne kullum, ki goge raɓar da ke kwana a gilashi, kada ki manna kabad da bango. In fumfuna ta ƙi tafiya, a sanar da mai gidan haya a rubuce, don gyaran yoyo da laima haƙƙinsa ne.

Akwai kuma abin da ya shafi mu kai tsaye. Jikin mutum yana samun sinadarin bitamin D ne daga hasken rana, shi ke ƙarfafa ƙashi. Mu nan ko muna kulle rana tana samunmu a tsakar gida. A can ba haka ba ne. Hukumar lafiyar ƙasar tana ba kowa shawarar shan ƙwayar wannan bitamin a watannin sanyi, masu duhun fata kuwa da masu rufe jiki da masu yawan zaman ɗaka, duk shekara. Mai ciki da mai shayarwa ta tambayi ungozoma.

Yanzu bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Kwana biyu da zuwana, na ce gidan mai jego ai sai da ƙamshi. Na kunna gawayi a kan murhun gas, na zuba turaren wuta a kasko, na hau sama da shi. Wallahi ban kai ƙofar ɗaki ba sai wani abu ya fasa ƙara a saman kaina, jaririya ta tsandara kuka, ni kuma na rasa inda zan ajiye kaskon. Ashe na'urar jin hayaƙi ce. Tun 2015 doka ta wajabta wa masu gidajen haya su sa ta a kowane hawa. Wasu in ta dame su sai su cire mata batir. Kada ki yi haka 'yar uwa, don benen da matakalar da rufin duk katako ne a ciki, kuma gobara in ta tashi a jerin gidaje ba ta ku kaɗai ba ce. Gawayi kuma a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Ki nemi kaskon lantarki, ki sa turare kaɗan, ki buɗe taga.

Haka ma banɗaki. Namu na gida siminti ne da magudana, ki kwarara ruwa yadda kike so. Nasu ba magudana a ƙasa. Wanka, alwala, har wankan jego da ganyensa, duk a cikin bahon wanka za a yi su. In banɗakin a sama yake kika sheƙa ruwa a daɓe, ta silin ɗin falo zai zubo.

Sai maganar maƙwabta. Bango ɗaya ne ya raba ku, za ki ji tarinsu, su ji kukan ɗanki. Turmi da taɓarya sai haƙuri, don in kika yi daka gidan maƙwabta ma sai ya amsa, injin markaɗe shi ne turminki. Daga sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe lokacin shiru ne a dokarsu, wanda aka dama yana iya kai ƙara ƙaramar hukuma. Shara tana da ranarta, kowane layi da tasa, kuma ana ware robobi da kwalaye daban. Ragon suna ko na layya ba a yanka shi a gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, mahauci ake ba sautu. Kiran salla kuma galibi ba a jin sa daga lasifika, sai dai takardar lokutan salla, ko waya, ko 'yar rediyon da wasu masallatai ke haɗa gidaje da ita.

To duk wannan mai sauƙi ne, wata ɗaya ya isa a koya. Babban abin da nake so Hajiya ta ji shi ne wannan. Mu nan da muke kulle, mu dubi yadda yininmu yake. Ba ma fita, gaskiya ne, amma duniya ce take shigowa ta same mu. Da safe 'yar talla ta yi sallama, dillaliya ta kawo atamfa, almajiri ya zo a aike shi, yaran maƙwabta suna shiga suna fita da saƙo. Ga kishiya ko facala ko uwar miji a tsakar gida, ana tsince shinkafa ana hira. Da dare a yi rakiya zuwa barka ko gaisuwa. Kullenmu kulle ne mai jama'a.

A can babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yara ba sa talla, doka ta hana, duk suna makaranta. Ba wanda zai turo ƙofarki da sallama, ko ɗan uwa sai ya yi waya tukuna. Maigida ya fita tun da duhu, in ma'aikacin asibiti ne wani lokaci kwana zai yi. Sai ki ga yarinya ita kaɗai tsakanin bango huɗu, tana jin motsin mutane ta dama da hagu, amma ba ta san sunan kowa ba. Wanda ya ɗauko kullen gida ya dasa shi a can yadda yake, ya ɗauko rabi ne ya bar rabi, kuma rabin da ya bari shi ne mai riƙe da hankalin mace. Kaɗaici ciwo ne, musamman ga mai ɗanyen jego, yana kai wa ga ciwon damuwa. Su kansu mutanen garin sun ɗanɗana a 2020 lokacin annobar korona. Lesta ce gari na farko a Ingila da aka tsawaita wa dokar kulle shi kaɗai, a ƙarshen watan Yuni, kuma iyalai masu yawa a matsattsun gidaje irin waɗannan su suka fi jin jiki.

To ina tsakar gidan take? Tana waje, kuma nan ne amfanin ƙaramar unguwa yake. Komai yana cikin tafiyar minti biyar zuwa goma. Yaro yana shiga makarantar gwamnati kyauta tun yana shekara huɗu zuwa biyar, kuma ƙananan yara sai babba ya kai su ya ɗauko su. Ƙofar makarantar nan, safe da yamma, ita ce inda mata ke haɗuwa su saba. Akwai filin shaƙatawa na Spinney Hill, wanda aka buɗe tun 1886, inda iyaye mata ke kai yara lilo. Akwai ɗakin karatu na unguwa, akwai ajin koyon Turanci na manya. Babban masallacin garin yana dab da tashar jirgi, ga Masallacin Umar a titin Evington, ga wasu da dama a cikin layuka, yara suna zuwa islamiyya bayan an taso boko. Sai dai ba kowane masallaci ke da sashen mata ba, a tambaya. Mahautan halal kuwa da shagunan shinkafa da doya da manja ba sai an hau mota ba.

Kuma fita da hijabi ko niƙabi a wannan unguwa ba abin kallo ba ne, domin unguwar baƙi ce tun da daɗewa. Yahudawa sun zauna, 'yan Folan sun zo bayan yaƙin duniya na biyu, baƙaƙen fata daga tsibiran Karebiyan suka biyo, sannan mutanen Indiya da Pakistan da Bangladash. A 1972 da Idi Amin ya kori 'yan asalin Indiya daga Yuganda, hukumar garin har talla ta buga a jaridar can tana cewa kada su zo, amma dubbai suka zo suka zauna, suka kafa kasuwanci. A farkon shekarun 2000 kuma Somaliyawa suka iso, da yawansu daga Holan. Don haka maƙwabciyarki tana iya zama Ba'indiya ko Basomaliya ko Baturiya, ita ma wataƙila ta san zafin baƙunta. Ranar da muka yi suna, na zuba waina da miya a kwano na ƙwanƙwasa gidan dama da na hagu. Washegari kwano ɗaya ya dawo da sambusa, ɗayan da kek. Daga ranar ƙanwata ta samu wadda za ta riƙa karɓar mata saƙo in ba ta nan. Zumunta a ƙafa take, ko a Ingila.

Ba zan ɓoye muku ba, unguwar tana cikin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi. Akwai cunkoso, akwai shara a wasu lunguna, motoci sun cika gefen titi biyu don ba gareji, wasu manyan gidajen kuma an yayyanka su ɗaki-ɗaki ana haya. Bayan kuɗin haya akwai harajin ƙaramar hukuma, ga gas, ga wuta, ga ruwa. Mai kama haya ya sani cewa tun 2019 kuɗin ajiyar da ake karɓa a hannunsa bai kamata ya wuce hayar mako biyar ba a irin waɗannan gidaje, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi. Don haka iyaye, in kun ji albashin suruki kun buga shi da naira kun ga miliyoyi, ku tuna da fam yake biyan duk waɗannan. A rage musu yawan bani-bani. Masu shirin aurar da 'ya ga ɗalibi kuma su sani, tun Janairun 2024 yawancin ɗaliban ƙasashen waje ba a barinsu su tafi da iyali, sai masu karatun bincike irin na digirin digirgir da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A bincika kafin a sa rana.

To Hajiya, ga shawarata. Kafin yarinya ta tashi, ki sa mahaifinta ko waliyyinta ya zauna da mijin cikin mutunci a daidaita maganar fita: kai yara makaranta, zuwa awo, zuwa shago, ajin karatu, ziyarar maƙwabta. A yi wannan magana tun a gida, da izininsa da yardarsa, kada a bari sai ta zama rigima a inda babu mai sulhu. Tana isa ta yi rajista da likitan unguwa. Ta haddace lambar gidanta da sunan layinta, ta san cewa 999 ake kira in abu ya yi tsanani. Ta riƙe makullinta da fasfonta da 'yan kuɗi a hannunta. Kada ta fita ta bar ƙananan yara su kaɗai da sunan yanzu zan dawo, don in wani abu ya faru hukuma ba ta ɗaukarsa da wasa. Ku kuma da ke gida, ku riƙa kiranta. In kun kira kada ku tsaya a kan me aka samu, ku tambaye ta yau da wa ta yi magana, yaushe rabonta da fita. In kun ji muryarta ta sauya, ko kullum tana cewa barci take ji, kada ku ce shagwaɓa ce, ku sa mijin ya kai ta ga likita.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, Ya haɗa su da maƙwabta nagari, Ya ba su zaman lafiya da mazajensu. Wadda take da tambaya ko ƙarin bayani ta aiko, ƙofa a buɗe take. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum.